In bar Samsung ɗina in koma iPhone? Amsa ga ɗan'uwanmu na Makka

Wani ɗan'uwa da ke aiki a wani otal kusa da Harami ya turo tambaya, ga ta a taƙaice. Yana riƙe da Samsung A32 wadda ta gaji, batir baya kaiwa la'asar, memori ya cika. Layinsa biyu, stc na nan da MTN na gida. Iyalinsa na Kano, matarsa na saida abaya da turare, shi ke ɗaukar mata hoton kaya yana turawa ta WhatsApp. Ya tara riyal 2,000, abokan ɗakinsa sun dame shi wai ya sayi iPhone ta hannu ya huta. Ya ce in koma ko in zauna?

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara buɗi. Ni sana'ata kenan, gyaran waya da saye da sayarwa a nan Jidda wajen Shari'a Falasɗinu, kuma bani da wani ɓangare, duk biyun suna hannuna kullum. Amsata kai tsaye: da riyal 2,000, da irin yadda kake amfani da waya, ni inaga ka zauna a Android ka sayi sabuwa dal mai fatura, wato rasit, da daman, wato garanti. Ba wai iPhone bata da kyau ba, tana da kyau sosai, kuma zan faɗa maka inda ta fi, har da yadda zaka koma lafiya in zuciyarka ta riga ta tafi can. Amma kuɗin nan naka iPhone ɗin da zai sayo maka tsohuwa ce, wannan shi ne abin da abokanka basu tsaya sun lissafa maka ba.

Sabuwar iPhone samfurin baya-bayan nan a manyan shagunan Jarir ko eXtra, banda ƙaramar nan mai harafin e, ta fi ƙarfin kuɗinka nesa. Kenan kai kasuwar mustamal zaka shiga, ko Haraj, shafin saida kayan hannu na intanet, ko shagunan da ke saida na hannu, kuma a can kuɗinka wajen iPhone 13 zai kai ka, in ka yi sa'a 14. Toh iPhone 13 ta fito ne a Satumban 2021, shekara ɗaya da A32 ɗinka. Ka tsaya ka kalli wannan da kyau domin duk maganar tana nan. Ta fuska ɗaya yabo ne ga Apple: A32 ta tsaya a Android 13 an daina ba ta sabon tsari, ita kuwa 13 ta karɓi iOS 26 da aka saki a 2025 kuma tana gudu lafiya lau. Ta ɗaya fuskar kuma, zaka ba da duk abin da ka tara ka karɓi wayar da wani ya riga ya sha romonta, batirinta ya ci shekaru a zafin Saudiyya, baka san sau nawa aka buɗe ta ba, kuma rabin shekarun da za a ba ta abdet sun riga sun wuce.

Da can maganar abdet ita ce babbar hujjar masu iPhone, kuma suna da gaskiya. iPhone 6s ta fito 2015 ta ci gaba da karɓar sabon iOS har 2021, a lokacin da Android shekara biyu ake yi da kai a manta. Amma abin ya canza. Google ta fara ba da shekara 7 daga Pixel 8 a 2023, Samsung ta bi sahu da S24 a farkon 2024, sannan ta sauko wa masu ƙaramin ƙarfi, A16 da A36 da A56 duk shekara 6 aka musu alkawari. A56 ta fito 2025, ka lissafa da kanka inda za ta kai ka. Wannan ba maganar ƙawa ba ce, a ƙasar nan wayarka ita ce igamarka, wato katin zamanka a ƙasa, ita ce bankinka, ranar da manhajar banki ko Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum, ta ce tsarin wayarka ya tsufa ba za ta buɗe ba, ranar zaka gane amfanin abdet. Shi ya sa duk wanda ya zo mun da maganar iPhone X ko 8 nake cewa a'a, sun tsaya a iOS 16, XR da XS kuma sun tsaya a 18, ko da araha aka baka kar ka karɓa.

Yanzu maganar layi, wadda ita ce ta fi shafarmu mu masu ƙafa biyu, ɗaya nan ɗaya gida, kuma ita ce mutane basa tambaya sai sun biya kuɗi. Samsung ɗinka rami biyu gare ta, ka zura stc ka zura MTN shikenan. iPhone 13 rami ɗaya ne, na biyun eSIM ne, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da shariha, wato katin sim, ba. Wannan ba matsala ba ce in ka san yadda zaka yi: ka maida stc ɗinka eSIM, su da Mobily da Zain duk suna yi, sai ka bar ramin wa MTN. Inda ake faɗawa rami shi ne iPhone 14 zuwa sama ƴar Amurka, tun 2022 ba su da ramin sim kwata-kwata, kuma sun cika kasuwar ta hannu saboda sun fi araha. Abin da da yawa basu sani ba kuma, daga iPhone 17 da ta fito Satumban 2025, wadda ake saidawa a nan Saudiyya ma a hukumance eSIM ce zalla, haka Dubai da Kuwait da Qatar da Bahrain da Oman. Na ga alhazai da masu Umara sun saya da murna za su kai tsaraba, ana buɗe kwali ana juya waya ana neman inda za a sa sim babu. MTN da Airtel a Najeriya suna ba da eSIM, amma maida tsohon layinka eSIM abu ne da ake zuwa ofishinsu a yi da NIN ɗinka, kai kuma kana Makka, kuma wannan layin ne bankinka na gida ke turo maka lambar sirri a kai. Kaga in ka sayi marar rami, MTN ɗinka zai zauna a tsohuwar waya ka koma yawo da waya biyu.

Yadda zaka gane asalin waya, ka shiga Settings, General, About ka duba lambar model. In ta ƙare da LL/A ƴar Amurka ce, J/A Japan, CH/A China. Harafin farko kuma in M ne a sabuwa aka saida ta, F Apple ce ta sabunta ta, N kuma musanya ce aka ba wani a madadin tasa da ta lalace. Kar ka dogara da kwali, kwali ana buga shi.

Sai WhatsApp, wanda a wajenka shi ne shagon matarka Hajiya gaba ɗaya, hotunan kaya da lambobin kwastoma da wa ya biya wa bai biya ba. Nan ne na fi ganin hawaye. Mutum ya sayi iPhone, a shago a kunna masa, a sa masa WhatsApp, ya zo gida yana jiran hirarrakinsa su dawo kamar yadda ya saba in ya canza Tecno zuwa Samsung, shiru. Dalili shi ne ajiyar WhatsApp ɗin Android tana Google Drive ne, ta iPhone tana iCloud, kuma ɗaya bata karanta ɗaya. Hanyar da aka buɗe a 2022 ita ce manhajar Move to iOS, ka sauke ta a Samsung ɗin, amma sharaɗinta iPhone ɗin ta kasance sabuwa ko an goge ta tas tana shafin farko na saiti, lambar WhatsApp ɗin ta zama ɗaya, wayoyin biyu a jone da caji a kan Wi-Fi ɗaya. In har an riga an gama saita iPhone ɗin, sai an sake goge ta. Kuma Wi-Fi ɗin masaukin ma'aikata da mutum ashirin ke kai ba zai yi maka ba, in WhatsApp ɗinka ya yi nauyi da bidiyon wa'azi da na biki abin zai iya katsewa a tsakiya ka koma farko, don haka ka fara shiga wajen ajiya na WhatsApp ka share manyan bidiyon guruf da baka buƙata. In kuma GB WhatsApp kake amfani da shi ko wani ɗan'uwansa, toh babu shi a iPhone kuma hirarsa bata bin wannan hanyar, dama ni shawarata ka rabu da shi ko a Android ne, ana rufe layi a kansa.

Layi biyu WhatsApp biyu kuma, a Samsung kana da Dual Messenger, WhatsApp ɗin kansa tun Oktoban 2023 yana karɓar lamba biyu a Android. A iPhone abin da mutanenmu suka saba yi shi ne ɗaya a WhatsApp ɗaya a WhatsApp Business, kuma yana yi lafiya, ga mai sana'a ma ya fi.

Ka ce memori ya cika. iPhone bata karɓar katin memori, abin da ka saya da shi shi kenan har ta mutu, saboda haka 64GB kar ma ka kalle ta, 128GB shi ne ƙasa. iCloud kyautarsa 5GB ce kawai, Google 15GB, kuma mai ɗaukar hoton kaya kullum 5GB ba za ta yi masa wata biyu ba sai saƙo ya fara zuwa ka biya na wata-wata. Gaskiya kuma ita ce A56 ma an cire mata ramin memori, don haka in katin nan naka mai karatun Alƙur'ani da tafsiri yana da muhimmanci a wajenka, ka tambaya kafin ka biya, A16 da A26 suna da shi.

Bari in faɗi inda iPhone ta fi, don kar ka ce na ɓoye. Bidiyo. iPhone 13 har yau ta fi yawancin Android na tsakiya ɗaukar bidiyo mai natsuwa, musamman a cikin Snapchat da Instagram da TikTok, domin masu waɗannan manhajojin wayoyi kaɗan suke gyara wa a ɓangaren Apple, a Android kuwa dubbai ne. Kuma kasan ƙasar nan ta Snap ce, rabin dalilin da ya sa samarin nan basa ajiye iPhone kenan. Na biyu tana riƙe kuɗinta. Ka yi shekara biyu da ita ka kai Farm Centre a Kano a take za a saya da daraja, Samsung A kuwa ranar da ka yage ledar kwalin ta fara zubewa. Na uku bata cika tara tarkace ba, babu tallan da ke faɗo maka a fuska kamar wasu ƙananan Android, kuma da yake ba a sa mata manhaja daga waje, irin fayil ɗin APK da ake turowa a guruf wai sabon Absher ne, manhajar hidimomin gwamnati, ko tallafin wani abu ne, ba zai ma buɗe ba. Ga dattijon da duk abin da aka turo sai ya danna, wannan kariya ce babba, kuma ni iyaye irin waɗannan iPhone nake zaɓa musu in ƴaƴan suna da hali. Tarayyar Turai ta tilasta wa Apple buɗe ƙofar wasu shagunan manhaja a 2024, amma wannan dokar bata shafe mu a nan ba. Sai FaceTime, wanda da a toshe yake a nan har aka sassauta a 2017, yana da tsabtar murya da hoto, sai dai cikakken amfaninsa sai in Hajiya ma iPhone gare ta, in ba haka ba imo ɗin da kuka saba shi za ku ci gaba da yi.

Amma hoton abaya fa, dan Allah kar ka kashe 2,000 saboda shi. Baƙin yadi yana wahalar da kowace kyamara, abin da yake so haske ne. Ka rataye ta kusa da taga da safe, bango fari a baya, ka kashe fitilar ɗaki mai ruwan ɗorawa, ka goge gilashin kyamara da gefen rigarka, ka taɓa kan adon dutsen a sikirin ka ɗan ja haske ƙasa don kar baƙin ya koma toka-toka. In zaka tura ka danna HD, ko ka tura shi a matsayin fayil, domin WhatsApp matse hoto yake yi ko da wace waya aka ɗauka. Wanda ya yi haka da A56 zai fi wanda ya ɗauka da iPhone a ƙarƙashin fitilar shago da daddare.

Maganar biyan kuɗi da waya, da ita ma hujja ce. Apple Pay ya shigo Saudiyya a Fabrairun 2019 kuma ya yi nisa, har a baƙala, ƙaramin shagon unguwa, sai ka ga mutum ya danna gefe sau biyu ya kara. Yanzu Android ma ba a bar ta a baya ba, ga mada Pay, Samsung Pay ya shigo a ƙarshen 2024, Google Pay ya biyo a 2025. Sharaɗi dai wayar ta kasance da NFC, abin da ke sa ka kara waya a na'urar biyan kuɗi ta karanta, ƙananan nan na riyal 300 da 400 da yawansu babu. Absher da Nafath da Tawakkalna da Nusuk da Sehhaty kuwa duk suna ɓangarorin biyu, babu wanda zaka rasa. Inda ake shan wahala Huawei ne, tun takunkumin Amurka na 2019 sababbinsu basa zuwa da Play Store da kayan Google, waya ce mai ƙarfi amma ga wanda rayuwarsa ke kan Gmail da Google Drive ban ba shi shawara ba.

Akwai ƙananan abubuwa da sai ka koma za su fara ci maka rai. Manhajar kiran sallah a Android tana yi maka kiran sallah cikakke, a iPhone sautin sanarwa baya wuce daƙiƙa 30 sai ya yanke, kai da ke kusa da Harami wannan ba damuwarka ba ce amma ga masu aikin dare a wajen gari ana kukan sa. Naɗar kira, Apple ta kawo shi a iOS 18.1 amma ba a kunna shi a Saudiyya da Najeriya ba. Tura kaya tsakaninka da abokai, AirDrop asalinsa tsakanin kayan Apple ne, kuma ka tuna in ka je gida duk dangi Tecno da Infinix da itel ne a hannunsu, su Xender da Quick Share suka sani. Duk manhajar da ka taɓa saya a Play Store sai ka sake saye. Wasu manhajojin gida kuma basa fitowa a App Store in ka buɗe Apple ID ɗinka da ƙasar Saudiyya, sai ka buɗe wani na biyu da Najeriya, alhali a Android abin ya fi sauƙi. Agogon Galaxy Watch daga na 4 baya aiki da iPhone, Apple Watch kuma baya aiki da Android sam. Rubutun Hausa kam an gyara, daga iOS 17 an sa kibod ɗin Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, a Android kuma Gboard ya daɗe da shi. Sai caza: iPhone 13 da 14 bakinsu Lightning ne, sai daga 15 a 2023 aka koma USB-C, kuma Saudiyya ta wajabta USB-C ga sababbin wayoyi tun 1 ga Janairun 2025, kenan zaka sayi wayar da cazarta ke ƙarewa a kasuwa, a ɗakinku in ka manta taka ba lallai ka samu aro ba.

Batir kuwa, wanda shi ne asalin kukanka, bari in daɗe a kansa. Batirin iPhone 13 bai kai 3,300mAh ba tun tana sabuwa, A56 5,000 ne. Gaskiya ne iPhone ta iya tattali, lambar ba ita ce komai ba, amma wannan tana sabuwa kenan. Ta hannu zaka samu lafiyar batirinta ta sauko 85 ko 80 cikin 100, kuma 80 ɗin nan ita ce iyakar da Apple da kanta ke cewa a canza. Ga zafi. Apple ta rubuta cewa wayarta tsakanin digiri 0 zuwa 35 aka yi ta ta yi aiki, Makka kuwa da rani tana haura 45. Duk bazara teburina cika yake da wayoyin direbobi da masu kai abinci, an maƙala ta a gilashin mota rana na dukanta, taswira a kunne, caji a jone, sai ka ga sikirin ya ɗago daga gefe kamar ana tura shi daga ciki, in na buɗe batirin ya kumbura ya yi tulu. Wannan ba ruwansa da Apple ko Samsung, duk ɗaya ne. Bambancin yana wajen gyara. In aka canza wa iPhone batir ko sikirin da wanda ba na asali ba, waya za ta rubuta Unknown Part a cikin About, wani lokacin ma ta daina nuna lafiyar batir, kuma darajarta a kasuwa ta faɗi. Wasu marasa tsoron Allah kuma suna da na'urar da suke maida lambar batir 100 alhali tsohon ne a ciki, don haka in ka ga wayar 2021 da batir 100 kuma babu tarihin canji, ka ajiye musu abarsu. Kuma in waya ta yi zafi kar ka sa ta a firij ko bakin esi, raɓa ce za ta taru a ciki ta ci allon injinta, ka cire kaba, wato rigar wayar, ka ajiye ta a inuwa kawai.

Sabuwar waya daga wakili a ƙasar nan tana da daman shekara 2 bisa dokar Ma'aikatar Kasuwanci, in dai faturarka na hannu. Ta Haraj damanta ya ƙare a lokacin da mai ita ya tada mota. A wajen mutumin da ya tara 2,000 daga albashi yana kuma aika na cefane gida, wannan bambancin ya fi kyamara nauyi. Kuma dan Allah kar abokai su tura ka Tabby ko Tamara ka ɗauko ta 4,000 ko 5,000 wai ai kashi huɗu ne, kashi huɗun nan daga albashinka zai fita wata huɗu a jere, kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Toh in duk da haka ka ce kai dai iPhone, ba laifi, kuɗinka ne kuma 13 mai lafiya waya ce ta kirki. Amma kar ka biya sai mai ita ya fita daga iCloud ɗinsa a gabanka, ya goge wayar gaba ɗaya, ka kunna ta da kanka da Wi-Fi ko layinka har ta wuce shafin farko ba ta tambayi Apple ID ɗin kowa ba. Wannan makullin tun iOS 7 a 2013 yake, kuma shi ne ya sa satar iPhone a cunkoso bata da riba sosai, amma shi ne kuma ke cin marasa laifi. Akwai wani dattijo da ya zo mun daga Makka da iPhone ɗin da ɗansa ya saya masa, yaron wani shago ne ya buɗe masa Apple ID da imel ɗin da shi dattijon bai taɓa gani ba, jikoki suka yi ta danna lambar sirri ba daidai ba har ta kulle, da aka goge ta sai ta ce a kawo Apple ID, yaron shagon ya bar aiki, fatura ta ɓata. Waya lafiyayya a hannunsa ba abin da za ta yi masa, ni kuma ba abin da zan iya, don Apple sai da shaidar saye take cire makullin. Saboda haka Apple ID kai zaka buɗe da hannunka, da imel ɗinka da lambarka, ka rubuta kalmar sirrin a takarda ka ajiye tare da fasfo. Android ma tana da irin wannan makullin na Google tun 2015, shi ma ka san Gmail ɗinka.

Sauran dubawa: ka danna *#06# ka ga IMEI ya yi daidai da na cikin About, ka duba wajen Carrier Lock ya ce No SIM restrictions, ka gwada Face ID da fuskarka domin gyaransa tsada gare shi kuma ba kowa ya iya ba, ka sa layinka ka yi kira ka ji murya ta sama da ta ƙasa, ka buɗe kyamara gaba da baya, ka duba tarihin kayan da aka canza. Duk wanda ya ce maka "an yi mata bypass amma komai na yi", ko ka ga rubutun cewa wani kamfani ne ke kula da wayar, ka yi sallama ka tafi.

Ko wacce ka saya a ƙarshe, tsohuwar Samsung ɗin nan kar ka goge ta kar ka ba kowa sai ka gama kwashe komai. Lambobin mutane ka tabbatar suna kan Gmail ba kan sim ko cikin waya ba. Nafath sai ka sake kunna shi a sabuwar da bayanan Absher da saƙon da za a turo wa layinka da duba fuska, bankinka na nan ma zai nemi ka yi rajistar sabuwar na'ura, na gida ma haka zai turo lamba ta MTN, in kana da Google Authenticator shi ma ka kwashe shi. In Samsung ka sake saya Smart Switch zai ɗebo maka kusan komai da igiyar caji ɗaya, WhatsApp kuma ya dawo daga Google Drive yadda ka saba. Wanda kuma yake karanta wannan yana son barin iPhone ya dawo Android, ya kashe iMessage da FaceTime kafin ya cire layi, in ba haka ba saƙonnin masu iPhone za su riƙa ɓacewa.

In ni ne kai, zan ɗauki A56 ko A36 mai 256GB sabuwa da fatura, in duba da idona cewa rami biyu ne, in sa mata kaba da gilashin kariya, in kunna kariyar batir a saiti don kar ta riƙa kwana a 100, canjin da ya rage in aika wa Hajiya ta ƙara jari. A32 ɗin kuma a canza mata batir, ba tsada, ta zama ta ajiya ko ta yara. In kuma ijazarka, wato hutunka na zuwa gida, ta kusa, ka yi duk wannan canjin kana nan da sati biyu ko uku a hannu, ka gwada Absher da Nafath da banki duk sun buɗe a sabuwar kafin ka hau jirgi, domin daga Kano in saƙon stc ya ƙi shigowa babu ofishin da zaka je. In akwai wata wayar da aka nuna maka, turo mun lambar model ɗin da lafiyar batirin kafin ka biya, in sha Allah zan duba maka.